Darasi Na 9: Sayen Tsohuwar Tarakta Don Ƙaramar Gona

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. lissafa ko aikin da ke gabansa ya isa ya riƙe tarakta, ko haya ta fi masa sauƙi;
2. zaɓar girman tarakta da kayan aikin da suka dace da ƙasar gonarsa;
3. duba lafiyar tsohuwar tarakta kafin kuɗi su bar hannunsa;
4. gano ainihin abin da za ta ci masa, da takardun da ya wajaba ya karɓa.

1. Dalilin wannan darasi

Duk wanda ya yi noma tsakanin Ƙaura Namoda, Zurmi da Shinkafi ya san daminarmu gajera ce. Ruwa kan zauna cikin watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wanda ya makara a huɗa ya makara a shuka, kuma gero da dawa ba sa jiran kowa. Shekaru da dama garmar shanu ce ke fitar da manomi kunya, sai ga satar shanu ta sa ajiye bijimai biyu a gida ya koma abin fargaba. Shi ya sa a Gurbin Ɓore da ƙauyukan da ke kewaye, da ruwa ya sauka, za ka ga mutane na bin mai tantan ɗaya suna roƙon ya fara da gonarsu.

Sabuwar tarakta kuwa ta fi ƙarfin ƙaramin manomi, balle tun daga watan Yunin 2023 da darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Abin da ya rage shi ne tsohuwa. Tsohuwar tarakta tana iya ɗaga gida, tana kuma iya cinye gonar da aka saye ta dominta. Bambancin yana cikin lissafin da aka yi kafin saye.

2. Aikin ya ishe ta?

Kafin a tambayi "nawa ce?", a fara tambayar "aikin me za ta yi, kuma hekta nawa?"

> Hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Hekta ɗaya ta kai kusan eka biyu da rabi.

Tarakta tana cin kuɗi iri biyu. Akwai wanda take ci ko tana aiki ko tana kwance a ƙofar gida, akwai kuma wanda ba ta ci sai an tayar da ita.

> Kuɗin dole: abin da tarakta ke ci a shekara ko da ba ta motsa ba, wato raguwar darajarta saboda tsufa, da tanadin babban gyara da tayoyi.
>
> Kuɗin aiki: abin da ake kashewa a kan kowace hekta, wato man gas, ladan direba, baƙin mai, giris da ƙananan gyare-gyare.

*Misali na 1.* Alƙaluman nan na koyon lissafi ne. Ku sa farashin da kuka tarar a kasuwa a madadinsu. A ce an sayi tarakta da haro da rija a kan N15,000,000. Ana sa ran za ta yi shekara 6 tana aiki, sannan a sayar da ita N3,000,000.

- Raguwar daraja: N15,000,000 a cire N3,000,000, saura N12,000,000. A raba gida 6: N2,000,000 a shekara.
- Tanadin babban gyara da tayoyi: N1,000,000 a shekara.
- Kuɗin dole ke nan: N3,000,000 a shekara.

Kuɗin aiki a hekta guda: gas lita 12 a kan N1,250 ya kama N15,000, direba da yaronsa N5,000, baƙin mai da ƙaramin gyara N5,000. Jimla N25,000. Idan ana yin haro a kan N45,000 kowace hekta, abin da ke saura wa mai tarakta shi ne N20,000.

Yanzu a raba N3,000,000 da N20,000. Amsa: 150. Sai taraktar ta yi hekta 150 a shekara kafin a ce ta mayar da abin da ta ci. Riba tana farawa ne daga hekta ta 151.

To, manomin da ke da hekta 5 fa? In ya yi haya, zai biya N225,000 a shekara. In ya sayi tasa don gonarsa kaɗai, zai kashe N3,000,000 da N125,000, wato N3,125,000. Kowace hekta ta tsaya masa N625,000. Babu geron da zai biya wannan. Mai hekta biyar ko goma bai kamata ya sayi tarakta don kansa shi kaɗai ba. Ko dai ya saya da niyyar sana'ar haya, ko a haɗu a ƙungiyar gama kai, ko ya ci gaba da haya ba tare da jin ya gaza ba. Akwai ƙungiyar masu taraktoci da bayar da su haya ta ƙasa, TOHFAN, akwai kuma kamfanin Hello Tractor da aka kafa a 2014, wanda ke haɗa mai tarakta da manoma ta hanyar waya da wakilai. Amfanin irin wannan tsari shi ne tara gonaki wuri guda, kuma mutanen ƙauye ɗaya na iya yin hakan da kansu a ƙofar gidan sarkin noma.

3. Kwana nawa take da su?

Hekta 150 ba a baki ake yin ta ba. Ga yadda ake gane abin da tarakta za ta iya a awa guda: a ninka faɗin kayan aikin da nisan da take ci a awa.

*Misali na 2.* Haro mai faɗin mita 2, tarakta na tafiyar kilomita 6 a awa, wato mita 6,000. Mita 2 sau 6,000 ya ba da murabba'in mita 12,000, wato hekta 1.2. Amma wannan a takarda ne. Juyawa a bakin gona, kauce wa itace, cire ciyawar da ta naɗe faifai da tafiya daga wannan gona zuwa waccan duk suna cin lokaci. A gonakinmu da gado ya yayyanka, rabin lokacin na iya tafiya haka. Saura hekta 0.6 a awa. A wunin awa 8 an sami kusan hekta 5. Idan kwanakin da ƙasa ke da laima kuma manoma ke neman aiki sun kai 30, an sami kusan hekta 150.

Ku lura da kyau: ta kai gaci ne da ƙyar. In ta lalace ta yi mako guda ana jiran kayan gyara, an rasa hekta 35, wato N700,000, ga kuma manoman da suka koma wurin wani. Saboda haka mai saye ya nemo mata aikin da ba na damina ba: jan tirela da taki zuwa gona da bazara, kwaso damman gero da dawa da kaka, juya injin sussuka, gyaran fadamun gulbin Bunsuru da na Gagare don noman rani.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takarda, amma kowa a wannan yanki ya san shi. Gonar da ba a iya zuwa saboda 'yan bindiga ba ta cikin lissafi, komai girmanta. Ku ƙirga gonakin da direba zai yarda ya je ya dawo kafin la'asar sakaliya, ku kuma tanadi wurin kwananta cikin gari. Ku tuna watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya. Mai tarakta ya tambayi kansa tun wuri: in hanya ta rufe, ina zan sami gas?

4. Girman da ya dace da ƙasarku

> Ƙarfin doki: ma'aunin ƙarfin inji. Idan lambar ta ƙaru, abin da tarakta ke iya ja ya ƙaru, man da take sha ma ya ƙaru.

Tarakta mai ƙarfin doki 45 zuwa 50, irin tsohuwar Massey Ferguson 135, tana jan garma mai faifai biyu, ƙaramin haro da tirela. Mai 70 zuwa 75, irin Massey Ferguson 375, tana jan garma mai faifai uku da rija, kuma ita masu haya suka fi nema. Wadda ta haura 90 ta manyan gandaye ce. A ƙaramar gona sai shan mai da wahalar juyawa. Akwai kuma 'yar ƙarama mai taya biyu wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da ita, mai ƙarfin doki 12 zuwa 15. Ga mai shinkafa ko albasa a fadama, wannan ta cancanci a duba ta kafin a ɗaga ido ga babba, kuma ƙungiyar mata manoma na iya kai wa ga kuɗinta ta hanyar adashi.

Yawancin gonakin tudu a nan jigawa ce. Jigawa ba ta buƙatar a kafta ta da zurfi kowace shekara. Garma mai nitsewa tana binne 'yar ƙasar sama mai albarka, ta bar rairayi ga iska da ruwan farko. Haro marar zurfi da rija sun wadatar. Babbar garma ta lakar fadama ce. Kada a saye ta don kawai dillali ya haɗa ta cikin ciniki.

Abu guda da ke damun masu kishin ƙasa: da tarakta ta shigo ƙauye, sai a fara sare itatuwan gona wai don ta sami hanya. Kututturen da ya mutu a tone shi, domin yana fasa taya yana karya faifai. Amma gawo a bar shi. Yana kakkaɓe ganyensa da damina, bai hana gero rana, kuma ƙarƙashinsa ne amfani ya fi kyau. Direba ya kewaye shi.

5. Wace iri?

Amsar ba ta wurin dillali, tana garejin bakanike. Kafin ku je kallon tarakta, ku zaga wurin masu gyara da masu sayar da kayan gyara a Ƙaura Namoda da Gusau, ku tambaye su: wace iri kuka fi gyarawa, kuma kayan wace iri ke kan kantarku yau?

A arewa Massey Ferguson mai injin Perkins ta daɗe a hannun makanikai, kuma har yanzu kamfanin Millat na ƙasar Pakistan yana ƙera irin su 375 da 385, don haka kayansu na shigowa. Akwai na Indiya, irin su Mahindra da Sonalika, akwai New Holland da John Deere. Za ku kuma ci karo da tsofaffin Steyr da aka harhaɗa a Bauchi da Fiat da aka harhaɗa a Kano tun wajen shekarun 1980. Ƙarfensu na da kyau, amma shekarunsu sun ja. Kada a saya sai an ga kayan gyaransu da ido. Kwatano ta zamani mai kwamfuta a ciki, komai kyanta, in ta tsaya a bayan Gurbin Ɓore sai an ɗauko mai gyara daga Kano ko Kaduna.

6. Duba ta da kanku

Mai sayen sa a kasuwar Shinkafi bai tsaya kallon ƙaho; baki yake buɗewa ya ga haƙora, ya sa a ja san ya ga tafiyarsa. Haka za ku yi da tarakta. Sabon fenti ba shaida ba ne. Ku tafi da bakanikenku, wanda ku kuka biya shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ku je da sassafe, ku dafa injin ku ji da sanyi, domin inji mai ciwo yakan ɓoye ciwonsa in ya riga ya yi zafi.

> Agogon awa: agogon da ke ƙirga awannin da injin ya yi yana aiki. Da awa ake auna tsufan tarakta, ba da kilomita ba.

Injin da aka kula da shi yakan kai awa 8,000 zuwa 10,000 kafin a buɗe shi don babban gyara. Sai dai agogo na mutuwa, ana kuma canza shi. In agogo ya nuna awa 1,500 alhali matakin kuloci ya suɗe har yana sheƙi, sitiyari na lilo, ramukan da ake maƙala garma sun buɗe, to ku gaskata ƙarfen.

*Kafin a tayar.* Ku zaro sandar auna baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga cikinsa. Ku buɗe lagireto: in mai na yawo a kan ruwan, matsalar ɗaya ce, ko gaskit ko tsagewar kan inji. Ku buɗe matatar iska. A ƙasa mai ƙura irin tamu, matatar da ta yage na nufin injin ya daɗe yana shaƙar rairayi. Ku leƙa ƙarƙashi ku nemi yoyo da wurin da aka yi walda. Ku duba tayoyin baya sosai, haƙoransu da tsagar gefe, domin suna cikin abubuwa mafi tsada a jikinta.

*Bayan an tayar.* Lafiyayyiya tana tashi ba tare da turi ba. Ku kalli hayaƙin salansa bayan injin ya ɗumama:

- baƙin hayaƙi mai yawa: gas ba ya ƙonewa daidai; sau da yawa matatar iska ce ko nozul, kuma gyaran bai cika tsada ba;
- shuɗi: injin na ƙona baƙin mai, zobban fistin sun gaji; babban gyara na tafe;
- fari da ya ƙi ɗaukewa: ko ruwa na shiga inji, ko famfon gas ya kauce wa saiti.

Ku cire murfin zuba baƙin mai injin na aiki. In hayaƙi na bugowa da ƙarfi daga ciki, injin ya tsufa, ko me agogo ya ce.

> Haidirolik: tsarin da ke amfani da matsin mai ya ɗaga garma ya sauke ta.
>
> Sandar juyi: sandar ƙarfe da ke bayan tarakta, wadda ke juya injin sussuka ko famfon ruwa. Makanikai na ce mata fitiyo. Yawanci tana juyi 540 a minti ɗaya.

A maƙala haro, a ɗaga shi sama, a kashe inji. In ya sulalo ƙasa nan da nan, haidirolik na yoyo ta ciki. In wajen ɗagawa yana kakkarwa, famfon ya gaji. A kunna sandar juyi a kashe, a ga tana amsawa. A shiga kowace giya, har da ta baya, a ji ko tana ƙara ko tana fita da kanta. A taka birkin dama da na hagu ɗaya bayan ɗaya.

Gwaji na ƙarshe shi ne gona. Ku sayi gas da kuɗinku, a yi haro na awa guda cur. A nan ne mai zafi za ta yi zafi, kulocin da ke zamewa ya zame. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba ku amsa.

7. Ainihin kuɗinta

> Ainihin kuɗi: farashin saye, haɗe da duk abin da za a kashe kafin tarakta ta shiga gona.

*Misali na 3.* Wata ƙungiyar manoma ta ga taraktoci biyu. Ta farko tana Kano, N9,000,000. Bakanike ya ce tana buƙatar tayoyin baya N1,200,000, gyaran inji N2,500,000, famfon haidirolik N600,000. Ɗauko ta N400,000, la'ada N200,000. Jimla N13,900,000. Ta biyu tana Gusau, N13,000,000. Batir da juyen mai N300,000, kawo ta N100,000, la'ada N200,000. Jimla N13,600,000. Wadda ake gani mai araha ta fi tsada da N300,000, kuma za ta yi makonni a gareji.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Da kaka ko tsakiyar rani ake saye, lokacin da kuɗin amfani ke hannu, masu tarakta ba sa samun aiki sosai, kuma akwai sararin gyara. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa zai saya da gaggawa. Kada kuma a zuba duk abin da ake da shi a farashi. A rage na gas da juyen mai na makonnin farko. Ana juye baƙin mai bayan kimanin awa 250, wato kusan sau ɗaya cikin aikin huɗa na damina guda.

8. Takardu da shaidu

Kowace tarakta na da lambar jiki da lambar inji. Ku karanta su da idonku, ku gwada da abin da ke rasit. In an kankare lamba, ku tashi. Wadda aka shigo da ita daga waje a nemi takardar kwastan. Wadda ke ɗauke da tambarin gwamnati ko na ƙaramar hukuma a nemi takardar gwanjo. A tambaya ko akwai bashin banki a kanta.

A rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, da sanin mai unguwa ko dagaci: farashi, kafin alƙalami, kayan da aka haɗa, da aibin da mai sayarwa ya bayyana. A fiƙihun Malikiyya mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, amma ba aibin da ya gani ya yarda ba. Rubutu ne zai raba gardama. In ƙungiya ce ta saya, a rubuta hannun jarin kowa, wa ke riƙe kuɗi, wa ke riƙe makulli, da yadda za a bi layin gonaki. A yi wannan kafin tarakta ta iso.

9. Kiyaye rai

Tarakta kujera ɗaya gare ta. Kada a ɗora yara a kan murfin taya. Kada a kusanci sandar juyi da babbar riga, rawani ko mayafi. In za a ja wani abu, a ɗaura a maƙalar ƙasa da aka yi don ja. Ɗauri daga sama na iya kifar da ita ta baya a kan direba.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin kuɗin dole da kuɗin aiki? Kawo misali biyu na kowanne.
2. Kuɗin dole na wata tarakta N2,400,000 ne a shekara. Ana biyan N40,000 a hekta, kuɗin aiki N24,000. Hekta nawa za ta yi kafin riba ta fara?
3. Haro mai faɗin mita 2 yana tafiyar kilomita 5 a awa. In rabin lokaci ya tafi a juyawa da tafiya tsakanin gonaki, hekta nawa za a yi a awa 8?
4. Me ya sa ake zuwa duba tarakta da sassafe?
5. Me shuɗin hayaƙi ke nunawa? Baƙin man da ya yi fari-fari fa?
6. Don me kaftu mai zurfi bai dace da jigawa ba?
7. Faɗi takardu uku da za ka nema kafin ka biya.
8. Aikin gida: ku haɗu mutum biyar, ku rubuta hektocin unguwarku da ake iya zuwa lafiya a bana, da kuɗin haya da farashin gas na wannan mako. Ku sake lissafin Misali na 1 da alƙalumanku, ku kawo amsar aji mai zuwa.